Jar Motar Jalo Maiwalda

Jalaluddeen Dudu, wanda duk Yelwa ke kira Jalo Maiwalda, ya yi rayuwarsa yana liƙe ƙofofi da gyaran farfelar jiragen ruwa a bayan kasuwa. Mutum ne mai jiki, mai sanyin magana, ko keke bai taɓa tuƙawa da sauri ba. Abin da ya gada wurin mahaifinsa, wanda ya yi wa wani Bature kuku lokacin ginin dam ɗin Kainji, shi ne wata 'yar jar mota mai kujera biyu, marar rufi. Ta daɗe kwance a zaure, kaji na ƙwai a cikinta.

Da furfura ta fara fito masa, 'yarsa Nusaiba ta nuna masa tseren tsofaffin motoci a waya. Ya ga irin tasa sak, ta sha kwana kamar an manna ta da ƙasa. Washegari ya kori kajin.

Injin bai ba shi wahala ba. Ƙafafun motar ne suka cinye masa damina guda. Ya lura motocin tsere a ƙasa-ƙasa suke, don haka ya yanke sifirin ɗin da ke ɗaga jikin motar. Ya zubar da man shokozoba, ya ɗura mai kauri, har motar ta yi tauri, ko an hau bonet an yi tsalle ba ta lotsawa. Sannan ya aro sikelin masu albasa, ya riƙa ɗora kowace taya yana aunawa. Nan ya gane matsalar: da ya shiga, motar sai ta karkace ɓangarensa.

Ya je wurin matarsa Tabawa, tana ƙyafe kifi.

"Innar Nusaiba, so nike ki zamna gefena, mota ta daidaita."

"Malam, ko ni biyu ce ba mu kai ka ba," in ji ta. "Nemi buhun albasa."

Haka aka yi. Ya ɗaure buhu a kujerar, motar ta miƙe.

Abokin tsere ne babu, sai amininsa Andrew mai jirgin inji, wanda ke jigilar mutane zuwa Warra. Suka shirya: Jalo ta hanya, Andrew ta ruwa, zuwa wani ƙauyen masunta ta wajen Ngaski. Wanda ya riga isa shi ya ci.

Ranar, jama'a suka cika bakin ruwa. Jalo ya tashi da ƙara, kuma gaskiya a kan kwalta motar ta yi abin kirki. Ya sha kwana biyu bai taka birki ba, yana dariya shi kaɗai. Da ya sauka hanyar burji sai labari ya canza. Duk tsakuwar da taya ta taka, a haƙoransa yake jin ta. Buhun ya fashe, albasa ta cika masa ƙafafu. A ƙofar wani ƙauye mutane sun tara ƙasa sun yi tudu don masu babur su rage gudu. Motar ta hau, cikinta ya zauna daram a kai, tayoyi huɗu na juyi a iska.

Wani makiyayi, Modibbo, ya tsaya da shanunsa ya daɗe yana kallo.

"Baba, tafiya kake ko hutawa?"

"Tsere nike," in ji Jalo.

Modibbo ya kira mutanen ƙauye. Suka gwada ɗagawa, ta ƙi. Sai da wata tsohuwa ta ce direban ya fara fitowa tukuna. Yana fita, maza huɗu suka ɗauke ta kamar gado, amma salansa da tankin mai sun tsaya a kan tudun.

Andrew ya isa, ya ci tuwo, ya yi barci a ƙarƙashin mangwaro, sannan ya hau babur ya biyo sawu. Ya tarar da Jalo zaune kan tabarma, ana ba shi fura, yana raba wa matan ƙauyen albasa. A jirgin Andrew aka maido motar Yelwa, Jalo zaune a cikinta riƙe da sitiyari.

Daga baya ya sa mata sifirin ɗin akori-kura. Yanzu ta fi kowace ƙaramar mota tsayi a garin, kuma da ita Tabawa ke kai kifi kasuwa. Idan Andrew ya ta da maganar wanda ya ci, Jalo kan ce shi har yau bai isa ƙauyen ba, don haka ba a gama ba.