Oga Bulus da Kawunan Kebul

Ina cikin cin abinci jiya 'yar Oga Bulus ta kira ni daga Jos, ta ce babanta ya rasu. Nan take zuciyata ta koma Gumel, ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da aka kawo kwamfutocin farko ofishinmu.

Ni sabon ɗauka ne, aka ce in haɗa su da kebul, in na kasa a nemo wani daga Kano. Ga kawunan kebul iri biyu a tebur: masu rigar ƙarfe, da na roba zalla. Hannuna ya nufi masu ƙyalli.

Oga Bulus, shugaban sashenmu, ya riƙe ni. "Sani, fere kebul ɗin ka duba. Akwai rufin ƙarfe a ciki?"

"Babu, Oga."

"To ƙarfen nan ba abin da zai kama. Ɗauki na roba, su ne daidai da shi."

Yana riƙe min, ina matsewa. Da koriyar fitilar kwamfuta ta kama, alamar haɗin ya yi, ya fita yana gaya wa kowa, "Aikin Sani ne, shi kaɗai."

Da wannan maganar aka tabbatar da ni a aiki.

Ku fa, wa ya tsaya muku haka a farkon aikinku?