Wurin da Take Dafawa

Na yi wauta iri-iri a rayuwata, kuma yawancinsu in na tuna dariya nake yi. Na taɓa ɗaukar alhazai cike da mota zuwa Uhudu, na tsaya ina yi musu tarihi a gindin wani dutse daban, har suka yi kuka. Amma akwai guda ɗaya wadda ba na yi mata dariya. Na shafe rabin yini, da inji da soso, ina goge alamar hannun matata daga jikin mota, kuma da na gama na ja da baya ina yaba wa kaina.

A nan Madina aka haife ni. Kakana ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Makaranta kuwa na leƙa ta, ita ma ta leƙe ni, muka rabu ba faɗa. Tuƙi na iya, shi ya ciyar da ni, ina kai baƙi ziyara ina dawo da su masauki. Da gwiwa ta fara ƙara na ajiye aikin, na zauna a gidanmu na unguwar Jurf da Hajiya, matata, da 'yarmu ta ƙarshe wadda take jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Abin da ya rage mini daga aikin shi ne tsohuwar motata, koriya mai duhu, doguwa, mai shan mai kamar tana jin haushinsa.

Zaman banza ne ya haɗa ni da shirye-shiryen nan na talabijin. Bayan la'asar sai in kunna, ga wasu Turawa masu baƙar safar hannu a cikin gareji mai haske kamar ɗakin tiyata. A kawo musu mota wadda ni a idona sabuwa ce fil, sai su haska mata fitila, ka ga fentin cike da siraran karce kamar saƙar gizo. Daga nan sai inji da man gogewa, kwana da kwanaki, har motar ta koma madubi a kai ta wurin baje koli. Ba na jin ko kalma ɗaya ta abin da suke faɗa, amma ina gyaɗa kai tare da su.

Hajiya tana kwance a kan doguwar kujera, ta ce, “Malam, me ya ce?”

Malam take ce mini, don ta san iyakar karatuna.

Na ce, “Ya ce fentin ya gaji.”

“Ai ni na ji ya ce tsohon Jurf ya tashi ya sayo burodi.”

'Yarmu ce ta fassara mini abu guda da ya zauna a kaina. Ta ce ba cike karcen suke yi ba. Fentin da ke kewaye da shi suke ci a hankali, har wurin ya daidaita, karcen ya rasa inda zai tsaya. In farcenka ya maƙale a ciki ya yi zurfi, in bai maƙale ba zai fita.

A lokacin Hajiya ta riga ta shiga wankin ƙoda, sau uku a mako. Ni nake kai ta mustashfa, wato asibiti, in jira ta. Hannunta na hagu, inda suke sa allura, an hana ta ɗora masa nauyi. Saboda haka in za ta shiga mota sai ta ɗora na dama a kan rufin, daidai saman ƙofar gaba, ta juya a hankali, ta sauke jikinta a kujera tana cewa ya Sattar. In za ta fita ma haka. A hannun nan akwai zoben azurfa mai jan dutse, wanda na saya mata tun muna yara wajen masu tebur a Uhudu. Na ce mata daga Yaman aka kawo shi. Ta ce ta san teburin.

Wata safiya na ɗauki fitilar waya na shiga rumfar da nake ajiye motar, in yi irin ta Turawa. Ko'ina akwai karce, mota ce da ta sha titi. Amma saman ƙofar gaba daban yake. Layuka ne sirara masu lanƙwasa, sun hau kan juna, duk sun nufi gefe guda, faɗin tafin hannu. Na daɗe ina tunanin ko reshen dabino ne, kafin na gane. Na sa farce, bai maƙale ba. Wallahi daɗi na ji.

Na je kasuwa na sayo injin gogewa da soso kala uku da kwalaben mai. Mai shagon ya tambaye ni ko gareji zan buɗe. Na ce masa a'a, bincike nake yi.

Kafin in fara aikin sai na ga ya kamata in toshe inda ɓarnar take fitowa. Ranar da za mu mustashfa na ninke tawul na shimfiɗa a kan rufin.

Ta ce, “Wannan fa?”

“Ki dafa a kansa. Zoben yana cin fenti.”

Ta dubi tawul ɗin, ta dube ni. “Shekara nawa yana cin yatsana ba ka kawo tawul ba.”

Na yi dariya, ita ma ta yi. Ta dafa, tawul ya zame, ta yi taga-taga ta kama ƙofar. Ina tsaye taku biyu daga gare ta da mukulli a hannu. Mu irin tarbiyyarmu namiji ba ya riƙe hannun matarsa a titi maƙwabta suna gani, kuma na riƙe wannan tarbiyya gam, kamar wani zai ba ni lambar yabo. Abin da na yi shi ne na tsinci tawul ɗin na kakkaɓe.

Daga ranar ba ta ƙara dafa rufin ba. Ta koyi wata dabara: ta juya baya, ta riƙe gwiwarta, ta saki jiki ta faɗa kujera. Ina jin numfashin da ke fita daga bakinta in ta faɗa. Na lura, kuma abin da na ce a raina shi ne Hajiya akwai fahimta.

Ranar Alhamis na yi aikin, tun bayan asuba. Na wanke motar, na manna tef a gefen gilashi yadda na gani, na ɗiga mai a soso, na kunna inji. Da farko ya ƙwace daga hannuna ya watsa mini mai har cikin gemu. Sannu a hankali na gane kansa. Na bar saman ƙofar gaba sai ƙarshe, kamar yadda ake barin tsoka a ƙasan kwano. Na bi shi da soso mai kaushi, na bi da mai laushi, na share, na haska. Saura kaɗan. Na sake bi. Kafin azahar babu ko layi ɗaya. Na ga fuskata a wurin, da haƙorina da ya fita, da reshen dabinon maƙwabci a bayana. 'Yarmu ta fito ta ɗauki hoto ta ce mashallah ya baba. Hajiya tana ciki tana barci, ba ta fito ba sai ranar Asabar da za mu mustashfa.

Makonni kaɗan bayan haka ta rasu. Ba motar ce ta kashe ta ba, likita ya ce zuciyar ce ta gaji, kuma na yarda. Aka yi mata salla a Harami, muka kai ta Baƙi'a. Wanda ya san Baƙi'a ya san ba a rubuta suna. Dutse ne ƙarami a kan tudun ƙasa, kusa da wani dutsen, kusa da wani. Na ƙirga layi daga hanya don in riƙe wurin, da na koma bayan kwanaki an ƙara wasu, lissafin ya ɓace mini. Mata suka raba kayanta sadaka kamar yadda ta yi wasiyya. Zoben yana wajen 'yarmu, ta kai an rage shi daidai yatsanta, an wanke shi ya yi fari.

Wata rana da hantsi, bayan baƙi sun ɗauke ƙafa, na shiga rumfa da fitilar waya. Na haska saman ƙofar ta dama, na haska ta hagu, na durƙusa na kalle shi a kaikaice yadda Turawan suke yi in suna neman abin da ya ɓuya. Na bi wurin da farce a hankali, babu ko layi ɗaya da ya rage. Ni da ban taɓa yin aiki ya fita daidai ba a rayuwata, ni da na kafa ƙofar banɗaki a juye, wannan karon na iya. Na duba ɗaya gefen, inda ba ta taɓa zama ba, can ga karce nan da na yi wa ha'inci na tsallake.

Har yanzu shirin yana zuwa bayan la'asar. Wani lokaci ina kunnawa, don ɗakin ya yi shiru da yawa. Su haska fitila, su nuna wa mai motar karce, ya kama kai. Babu mai tambayata me ya ce.

Ranar Asabar ɗin nan da ta fito, na ja motar har bakin ƙofa don ta gani da kyau. Rana tana dukan rufin, sai da ta kare ido. Ta tako a hankali ta tsaya a inda take tsayawa. Ta ɗaga hannun dama kamar za ta dafa, ta tsayar da shi a iska, tana kallon tafinta a cikin fentin. Ni ina gefe ina jiran yabo, har na shirya abin da zan ce in ta yaba. Ta mayar da hannun cikin abaya, ta faɗi wata magana. Mun kusa makara, sai na zagaya na tada mota, na ce a raina zan ba ta amsa a hanya, wata mai ban dariya. A hanya muka yi maganar cunkoso.

Abin da ta ce a bakin ƙofar, ba da fushi ba, har da ɗan murmushi: “Ya yi kyau, Malam. Kamar ban taɓa shiga ba.”