Hannun Mama a Ƙafar Yaya

Yayata ba ta iya cewa ba ta da lafiya ba. Ko zazzaɓi na karkaɗa ta, ka tambaye ta yaya jiki, za ta ce da sauƙi. Wurin mamanmu ta koya, ita ma har ta rasu da sauƙi take cewa.

Daga Kaduna na zo Kafanchan ganin jariri. Aiki aka yi wa Yaya aka ciro shi, kuma tunda mamanmu ba ta nan, uwar mijinta ce ta karɓi jego. Mama muke ce mata mu duka. Ibo ce, mijinta ya yi aikin reluwe har ya mutu, a nan ta haifi 'ya'yanta kaf. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. A wajensu uwar mace ce ke zuwa ta kula da 'yarta in ta haihu. Ranar da aka sallamo Yaya, wai ta soma hawaye a kan wannan, Mama ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Ba ka da uwa? To ni mene ne, itace?"

Kuma ta yi jegon da gaske. Farfesun busasshen kifi mai yajin da zai sa ka tuna zunubanka. Ruwan zafi, tawul, man zafi. Ta hana Yaya sauka daga gado, ko kofi za ta ɗauka sai Mama ta yi ihu. Ciki an ɗinke, asibiti sun ce kar a taɓa, sai duk ƙarfin Mama ya koma kan ƙafafu. Da ƙafar hagu ta kumbura, sha-raɓar ta yi tauri, Mama ta ce ruwan haihuwa ne ya sauka, sai an gasa. Safe da yamma tana durƙushe tana gasawa tana matsawa, tana waƙar coci da yarensu. Ni har hoto na ɗauke su, don abin ya ba ni sha'awa.

Wata rana da safe Yaya ta je bayi ta dawo tana bin bango. Numfashi take kamar wadda ta hau dutsen Kagoro da gudu. Ta ce in ta ja iska, wani abu na sukarta a gefen ƙirji. Mijinta yana Aba saro kaya. Na ce asibiti, yanzu.

Sai da ta yi kwalliya fa. Zanin zuwa coci har idon sawu, ɗankwali, hoda.

"Yaya, emajansi za mu, ba biki ba."

"Ba zan shiga cikin mutane... kamar mahaukaciya ba."

Mama kuma ta goya jariri, ta cika jaka da fulas, tawul, kular abinci. Mai keke ya dube mu ya ce ƙaura za mu yi ne?

Mun iso a mummunan lokaci. Wata bas da ta ɗauko 'yan kasuwa da buhunan citta ta faɗi a hanyar Zonkwa, an kwaso mutane a bayan a-kori-kura. Jini a ƙasa, kuka, wani na kiran Yesu, wani na salati. Likita ɗaya ne a ciki. Nas ɗin da ke bakin ƙofa ita ke duba kowa ta ce wane ya shiga, wane ya jira. Doguwa ce, takalminta duk jini.

Ta dubi Yaya. "Madam, me ke damun ki?"

Yaya ta yi murmushi. Wallahi murmushi. "Sannu da aiki, sista. Da sauƙi. Numfashi ne kawai."

Na ce, "Sista, ƙirjinta na ciwo, ba ta daɗe da haihuwa ba."

Daidai nan aka shigo da wata mata kanta a fashe. Nas ta nuna mana benci ta bi ta da gudu. Ban ga laifinta ba, har yau. Ga mai jini a fuska, ga mai hoda a fuska da ta shigo da ƙafarta tana gaisuwa. Ko ni ce, mai jinin zan bi.

Muka zauna. Wanda bai taɓa jira a emajansi ba ba zai gane ba: ba layi ba ne. Wanda ya zo bayanka zai wuce ka, kuma daidai ne, in nasa ya fi naka. Matsalar ita ce nasu ana gani, namu yana ciki, an rufe shi da zani mai kyau.

Wani tsoho daga wajen Kauru yana gefenmu, fartanya ta sare shi a ƙafa, ya ɗaure da tsumma. Ya leƙa jakar Mama.

"Madam, kin bar wani abu a kicin ɗin kuwa?"

"Kai me ka kawo? Baki kawai."

"Baki da yunwa."

Ta zuba masa farfesu a murfin kula. Ya kurɓa, ya yi tari, hawaye suka zubo. Ya ce, "Wannan ai ya fi fartanyar zafi." Duk bencin aka yi dariya. Yaya ma ta so ta yi, sai ta dafe ƙirji.

Na shiga waya na rubuta abin da take ji. Amsa ta zo daga asma har ciwon zuciya, kowanne ya fi wani ban tsoro. Na je na tare nas da wayar a hannu. Ba ta ko tsaya ba. "Ƙanwata, kowa da waya likita ne yanzu. Ina zuwa, Allah ina zuwa."

Can da aka ɗan samu sarari, wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce na gaba. Mu ne. Yaya ta juya ta ce, "Baba, shiga."

Na ce, "Yaya!"

"Babba ne... kuma jini yake."

Tsohon ya yi ta a'a, ta nace, ya shiga yana sa mata albarka. Na ji kamar in mare ta, in kuma rungume ta. A gidanmu ba a wuce babba a ƙofa, ko ƙofar me ce.

Inuwar baranda ta janye, rana ta hau ƙafafunmu. Na lura Yaya ta daina haɗa magana. Kalma ɗaya, ta huta, kalma ɗaya. Gumi ya wanke hodar. Ta jawo hannuna ta ce, "Yaron nan... in wani abu..." Na ce ta rufe min baki. Amma na tuna mamanmu ma a zaune ta tafi, tana jira, ba ta dami kowa ba.

Mama ba ta iya zama hannu sake. In abu ya fi ƙarfinta, aiki take nema. Ta kwance jariri ta miƙo min, ta durƙusa a simintin nan gaban jama'a, ta buɗe fulas, ta jiƙa tawul. Ta ɗage zanin Yaya har gwiwa.

"Mama... mutane..."

"Mutane ba su da ƙafa? Kawo."

Tururi ya tashi. Ta ɗora tawul, ta sa manyan yatsunta a sha-raɓar ta soma matsawa.

"Mama! Cire hannunki!"

Nas ce. Tana wucewa da tire, ta tsaya cak. Mama ta ɗago. "Ina gasa masa ne, ruwan haihuwa..."

"Na ce cire!"

Ta dire tiren a benci, ta tsuguna, ta ɗage zanin ɗaya ƙafar. Sai a lokacin ni ma na gani da kyau, da aka jera su. Ta dama ƙafar Yaya ce. Ta hagu kamar ta wata, ta yi suntum tana sheƙi.

"Tun yaushe? Da kanta ta haihu ko aiki? Tana tafiya a gida?"

Mama ta ce da alfahari, "Aiki. Ko kofi ban bari ya ɗauka ba."

Nas ta rufe ido. Ta buɗe ta dubi Yaya. "Madam, gaya min gaskiya, yaya kike ji?"

"Da sau..."

"Babu sauƙi!" Ban san na yi ihu haka ba sai da jariri ya firgita. "Babu, sista, ƙarya take!"

"Me ya sa ba ku ce ƙafa ba?"

"Ba mu san ƙafa na da ruwa da ƙirji ba."

Daga nan komai ya koma gudu. Keken marasa lafiya, kar ta taka ko taku ɗaya. Likita ya bar wa wani ɗinkin da yake yi. Suka maƙala mata wani abu kamar fegin shanya a yatsa, ya duba, ya ce a kawo oksijin. Da ya fito na ga saurayi ne, idonsa ja don gajiya. Ya ce yana zargin jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa, wani gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Injin da zai tabbatar babu shi a nan, sai Jos. Ya ce allurar tsinka jini na da haɗari ga mai sabon ɗinki, amma jira ya fi haɗari, zai yi mata kafin mu tashi.

Mama na tsaye da jiƙaƙƙen tawul. Ta ce a hankali, "Likita, hannuna ne?"

Ya ce kwanciya bayan aiki ke kawo shi, kuma yakan ɓalle ko ba a taɓa ba, ba wanda zai iya rantsewa. Amma kar a sake matsa ƙafar. Nas ta dafa ta ta ce, "Mama, da ba ki ɗage zanin nan ba, da har yanzu tana benci." Mama ba ta ji wannan ba. Maganar likita kawai ta ji.

A motar asibiti, duk hanyar Manchok, hannuwan Mama na cikin hamatarta. Ko jariri ba ta karɓa ba. A Jos aka yi hoto, aka ga gudan, aka kwantar da Yaya. Ta rayu. Na rubuta shi gajere don har yanzu ba na iya tsawaita shi.

Da muka dawo gida, Mama ta juye. Matar da ta hana ɗaukar kofi ita ce ke bin Yaya a tsakar gida. "Tashi ka yi tafiya! Likita ya ce!" Tana dafa abinci, tana wanki, tana tuna mata magani. Amma ba ta taɓa jikinta. In za ta ba ta kwano, sai ta ajiye a tebur. Fulas ɗin yana kan kabad, ba a sake cika shi ba. Waƙar ma ta tsaya.

Ranar da zan koma Kaduna, ina haɗa kaya, Yaya na zaune bakin gado tana shayarwa. Mama ta leƙo ta ce yaya jiki.

Na jira amsar da na sani.

Yaya ta ce, "Mama, wuyana na ciwo. Sosai. Tun jiya."

Tunda nake ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Ban sani ba ko wuyan na ciwo da gaske, ban kuma tambaya ba.

Mama ta dubi tafin hannunta. Ta dube ni. "Likita ya yarda da wuya?"

Na ce, "Ƙafa ya hana."

"Kira shi ka tambaya."

Na kira nas ɗin nan, don ta ba ni lambarta. Ta yi dariya ta ce wuya ba komai, amma a hankali, mai shan maganin tsinka jini ba a murza ta. Na sa a sifika Mama ta ji da kunnenta.

Ta sauko da fulas ta ɗauraye. Ta surka ruwan, ta gwada a bayan hannunta, ta ƙara na sanyi, ta sake gwadawa. Yaya ta sunkuyar da kai. Ina jan akwati zuwa bakin titi na jiyo waƙar ta dawo, can ƙasa-ƙasa.