Tanko Mai Jaki da Daɓen Hajo

Da asuba, kafin masallata su watse, Tanko ya riga ya ɗora wa jakunansa biyu mangala a Dukawuya. Shekara talatin yana bin gidaje yana kwashe toka da kashin awaki, ya kai wa manoman bayan gari. Ba ya dogon zance. Ƙasa kuwa, damƙa ɗaya zai yi ya shinshina, ya faɗa maka ciwonta.

Shekarar da soja suka koma bariki, Lawal na Zaitawa ya ci kansila. Ya ga ciyawa shar a gidajen Nassarawa, ya ce shi ma sai an shimfiɗa masa ita a tsakar gida. Ni, yaron gidansa, aka sa na zuba ƙasa na dasa. Wata biyu ina ban ruwa, ciyawa tana yin rawaya kamar mai ciwon shawara. Kansila ya sayo takin zamani, ta ƙara ƙonewa. Da na gaji da shan faɗa, na kira Tanko.

Ya zo ya soka sanda. Ko tafin hannu ba ta nutse ba ta ce ƙwas. Ya dubi kansila.

"Ranka ya daɗe, a kan faranti kuka yi shuka. Tsohon daɓe ne a ƙasa. Ruwa ba ya wucewa, saiwa ba ta shiga. Sai an fasa."

Hajo, mahaifiyar kansila, tana gyaran zogale a bakin ɗakinta. Ta ajiye ƙwarya.

"A fasa me? Tanko, ka kiyaye ni. Mu goma sha ɗaya muka yi daɓen nan muna waƙa, shekarar da na tare. Duk sun rasu sai ni. An rufe mini shi da ƙasa na yi shiru, yanzu kuma diga? Saboda abincin jaki?"

"Jakina ma ba zai ci wannan ba, Hajiya."

Kansila ya gyara hula ya soma jawabi kan ci gaba. Tanko bai tsaya ji ba. Ya karɓi shebur ɗina, ya yaye ƙasar da ke bakin ɗakin tsohuwar, faɗin tabarma biyu, ya watsa ruwa. Daɓe ya fito ja, sumul, ko tsaga babu.

"Nan naki ne, ba mai taɓawa. Can a bar wa kansila."

Hajo ta cire takalmi ta taka. Ta daɗe tsaye a kai, sannan ta nuna wajen rijiya da haɓa.

"Can ɗin dama Turai ce ta yi, Allah ya ji ƙanta, hannunta ba ƙarfi. Ku fasa."

Kwana uku muna diga. Tanko ya kawo mangala shida ta tsohon kashin awaki da ruɓaɓɓen ganye, muka cakuɗa da ƙasar, ya hana a ƙara zubar da ruwan wanki a wurin. Ruwa uku aka yi da damina, ciyawa ta tashi, kansila yana nuna wa baƙi kamar shi ya riƙe diga.

Ganina na ƙarshe da Tanko a gidan ne. Digata ta ɗan ɓare gefen daɓen Hajo, shi ne ya durƙusa da madaɓi yana gyarawa, tana tsaye a kansa tana cewa bai iya ba, yana ta bugawa.