Sifirin da Kuka Kira Jabu

Kafin mu masu shago mu gama share ƙofa, Baba Iorhemba ya riga ya fara jan wayarsa a jikin kututturen da ke bakin rumfarsa. Farar waya ce ta ƙarfen nan mara tsatsa, dangin na cokali da kwanon silba. Idan ya sayo ta laushi gare ta, da yatsa ma sai ka lanƙwasa ta, ta zauna inda ka bar ta. Sai ya shafa mata mai, ya zura bakinta a wani farantin ƙarfe mai huji-huji, ya kama da filaya ya janyo ta, ya sake zurawa a hujin da ya fi wancan ƙanƙanta. Duk ja ɗaya sai ta ƙara sirancewa, ta ƙara tauri, har ta kai idan ka lanƙwasa ka saki, sai ta dawo ta tsula maka a hannu. A nan ne yake naɗa ta a jikin sanda ya fitar da sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar nan da in ka danna ka saki sai ta koma yadda take.

Shagona na maganin feshi yana kallon rumfarsa, don haka ba labari aka ba ni ba. Manoman Agyaragu kan sayi magani a wurina su tsallaka wurinsa da famfon feshinsu, domin sifirin da ke zuwa a cikin famfon baƙin ƙarfe ne, magani ke cinye shi, ya mutu ana tsakiyar damina. Na Baba ba ya yin tsatsa. Masu sikelin kifi ma sun san haka, masu injin markaɗe sun sani.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar ya koma ƙauye, domin tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne sunan da zai tafi da shi. A garin nan na Lafiya, Baba Jabu ake ce masa. 'Yan keke napep har sun mai da shi sunan tasha. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Ga yadda aka yi. Wata mata mai suna Mutmainna, mai dafa gishiri a Awe, ta yi haɗarin mota, tafin ƙafarta ta hagu ya daina ɗagawa, sai dai ta ja shi a ƙasa. A asibiti aka ba ta takalmin ƙarfe mai sifirin da ke ɗaga mata yatsu idan ta taka. To amma ita cikin ruwan gishiri take wuni. Sifirin ya yi tsatsa ya karye tana ɗauke da tukunya, ta faɗi kusa da murhu, tabon yana hannunta har yau. Aka sa wani, shi ma ya bi sahu. Shi ne mijinta ya kawo ta wurin Baba.

Baba ya sa ta yi ta takawa yana kallon ƙafar, ya ja waya, ya naɗa, ya gwada, ya warware, ya sake. Ya gama ɗaurawa ke nan sai ga Tersugh, ɗan gwangwan da ke sayen tsofaffin ƙarafa a bayan layinmu, da mayen ƙarfensa rataye a wuya. Su a sana'arsu gwajin guda ne: idan maye ya kama, baƙin ƙarfe ne, idan bai kama ba, mara tsatsa ne. Ba wanda ya kira shi. Ya sunkuya ya ɗora mayen a kan sifirin, sai ya manne.

"Kai, Baba! Wannan ba sitenles ba ne fa," in ji shi da ƙarfi. "Fek ne, jabu! Oga, an yi maka wayo. Ku zo ku gani, ya kama!"

Nan da nan wuri ya cika, kun san mu da son kallo. Baba ya ɗauko guntun wayar da bai ja ba, ya ɗora mata mayen, ya zame ya faɗi. Ya ɗora a kan wadda ya ja, ya kama.

"Waya ɗaya ne," ya ce. "Ja ne ya sa shi tauri, ja ne ya sa maye yana kama shi. Abeg, don Allah ku duba da kyau."

Wa zai duba? Wani ya ce ai da ma waya biyu yake ajiyewa, ta nunawa daban, ta aiki daban. Aka kwashe da dariya. Mijin Mutmainna ya ce a cire masa abin nan yanzun nan. Ita kuwa ta miƙe, ta taka zuwa bakin kwata ta dawo, yatsunta suna ɗagawa.

"Maigida, ka yi haƙuri a bar mini," ta ce. "Ni ce zan taka da shi."

Baba bai kula kowa ba sai ita. "'Yata, kullum in kin tashi aiki ki wanke shi da ruwa mai kyau. Gishiri ba ya wasa. Kuma kar kowa ya sa shi a wuta."

Wannan ta ƙarshen ce manomanmu suka ji da kunnen hagu. Da labarin maye ya kai gona, wasu suka zare sifirin Baba daga famfonsu suka kai wa maƙeri, wai a gasa shi ya yi ja a tsoma a ruwa ya ƙara ƙarfi, yadda ake yi wa adda da fartanya. Wannan ƙarfen kuwa ba haka halinsa yake ba. Ƙarfinsa a ja yake, wuta kwance shi take yi. Sifirin ya fito lagwas kamar dafaffiyar taliya. Suka dawo suna zaginsa a gaban shagona, wai ga shaida. Ku kuka kashe abu da hannunku, sannan kuka zo kuna neman wanda ya cuce ku! Tun daga nan masu kawo aiki suka ja baya, ba kuma wanda ya sake turo ɗansa koyon sana'a.

Baba, kai ne ka ci gaba da buɗe rumfar nan kowace safiya, ana kiranka da sunan nan kana amsa gaisuwa. Na taɓa ce maka ka riƙa ba su wayar da ba a ja ba, tunda ita maye ke ƙyalewa, kowa ya huta. Ka dube ni ka ce, "In famfon ya mutu a gona fa?" Kai ne mai waya da ba ta gajiya, kai ne ka ƙi sayen suna da aikin banza. Kada kuma wani mai daɗin baki ya ce mini ai wahalar ta ƙara maka ƙarfi kamar wayarka. Mutum ba waya ba ne. Na ga ranakun da ka wuni zaune, hannu a haɓa, ba wanda ya tsallako.

Makon jiya yana ɗaure kayansa sai ga keke ya tsaya. Mutmainna ce ta sauko da ƙullin gishiri a ka, damina nawa bayan waccan rana. Ta ajiye masa gishirin, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce a kira mata Tersugh. Da ya zo ta miƙa hannu, ya ciro mayen daga wuyansa ya ba ta. Ta ɗage bakin zaninta kaɗan ta ɗora mayen a kan sifirin. Ya manne. Sifirin nan fari tas, sai ɗan dushewa.

"Ga jabun nan," ta ce. "Da shi na tako na zo."

Tersugh ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Baba ya sunkuya da hannunsa mai rawa ya latsa sifirin ya saki, ya ce mata, "Kina wanke shi. Yawwa."

Na so in ce muku a nan zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Domin Mutmainna ta gaya mana cewa da ta sauka a tasha ta ce a kai ta rumfar Iorhemba, mai keken bai san wurin ba. Sai da wani fasinja ya ce masa, "Wurin Baba Jabu take nufi."

Mun gode, Baba Iorhemba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannun nan lafiya, ya kai ka gida cikin aminci. Ku kuma masu sana'ar hannu, ku yi aiki irin nasa, wanda zai riƙe a gona da bakin murhu, ko da bai burge 'yan kallo ba. Yana nan har ƙarshen wata, farantinsa da filayarsa ba su sami magaji ba, mai so ya zo ya koya. Idan za ku zo, ku ce wa mai keke ya kai ku rumfar Iorhemba. In ya ce bai sani ba, kada ku ba shi wancan sunan. Ku nuna masa hanya.