Waƙar da Na Raba Kyauta

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da wayoyi da kayansu a bakin kasuwar Filinge. Amma abin da ya fi kawo mini mutane shi ne turi: mutum ya miƙo katin memori, in zuba masa waƙoƙi daga kwamfuta. Direbobin Yamai, matan Tabla, makiyayan da ke sauka ran Lahadi, duk a tebur ɗina suke jin abin da ya fito sabo. Ina ganin na san harkar waƙa fiye da kowa a ƙasarmu ta Kurfai.

Ƙanena mawaƙi ne. Shekara shida yana Yamai, yana ɗinki da rana, yana bin situdiyo in ya samu sarari. Bara, bayan an cire gero, ya fitar da waƙa guda wadda ya zuba duk ƙarfinsa a kanta. Ya kira ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Akwai gidan rediyo a Yamai da ke jera waƙoƙi goma na sama duk Asabar. Wani mai situdiyo ya yi masa alkawari, in waƙar ta shiga cikin goman nan kafin Asabar huɗu, zai ɗauke shi ya yi masa faifai cikakke. In ba ta shiga ba, shi kam ya gaji, zai bi abokansa arewa wajen haƙar zinariya. Na san mutum uku daga unguwarmu da suka tafi can. Ɗaya ne ya dawo, shi ma da tari.

Na ce masa ya bar mini Kurfai a hannuna.

A satin ne wani mawaƙin Maraɗi ya saki tasa, sai gari ya rabu biyu. Mu muna cewa ɗan gida, su suna cewa murya ba ta da gida. Shugaban ɓangarensu taubashina ne, tela, shagonsa na kallon nawa. Kowace safiya ya kunna tasu, in kunna tamu, mai shayin da ke tsakaninmu ya ce zai kai mu ƙara wurin mai gari don mun tsinke masa madara. Taubashin nan nawa cewa yake muryar ƙanena kamar keken ɗinkin da ba a sa wa mai ba. Ni kuwa in ce nasu mawaƙin da hanci yake waƙa saboda bakin yana wurin tuwo.

Dabarata mai sauƙi ce. Duk katin da ya zo hannuna, ko wa'azi aka ce in zuba, sai na sa waƙar ƙanena a farko, kyauta. Na ba direbobi. Na ba mai kai kaya Abala ya raba a can. Cikin kwana goma ba inda ba a jin ta: a tasha, a wurin niƙa, a bakin rijiya. Su kuwa mutanen tela na lura ba sa ba kowa waƙarsu. In ka roƙa, sai su turo maka adireshin intanet, su ce je ka saurara can. Na yi ta musu dariya, ina cewa rowa ta hana su tallata gwaninsu.

Asabar ta farko tasu ta shiga, tamu babu. Ta biyu tasu ta hau, tamu babu. Na ce rediyon ne ke son kai. Ran Asabar ta uku, da aka gama shirin, ban iya cin abincin rana ba. Ƙanena ya kira, muryarsa a ƙasa, yana tambaya ko da gaske ana jin waƙar a gida kamar yadda nake faɗa masa.

Da la'asar taubashina ya tsallako. Na ɗauka tsiya ya zo yi, na shirya masa amsa. Sai ya ja benci ya zauna.

"Kai dai ɗan kasuwa ne na banza," in ji shi. "Ka san mi suka ƙirgawa can Yamai?"

Na ce masu saurare mana.

"Masu saurare bisa intanet, da masu aika saƙo. Wanda ya ji ta cikin katinka, ko sau dubu ya ji, ba a san da shi ba. Ka cika musu waya, mi za ya kai su nema? Mu da munka hana, dole aka zuwa can."

Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun farko, ɗiyarsa da ke karatun sakandare a lise ta gaya masa. Ya yi shiru ne don ana wasa, sai yau da matarsa ta ji a gidanmu zancen tafiya arewa.

Washegari Lahadi, ranar kasuwa, kuma saura kwana shida. Ban yi turi ko ɗaya ba. Na sayi kiredin waya mai yawa, na buɗe intanet ɗin wayata ga kowa, na tsaya bakin hanya ina tare mutane kamar ɗan kamasho. Ina roƙon su buɗe waƙar a intanet su bar ta ta kai ƙarshe. Amsa ɗaya nake samu: ai muna da ita, kai ka ba mu. Wata tsohuwa ta ce in dai sai ta sake ji, to in rage mata kuɗin caji. Wani Bafillace ya ce wayarsa ba ta san intanet ba, amma shanunsa ma sun haddace waƙar, in ana so ya kawo su shaida. Na yi dariya don kada in yi wani abin.

Tela ya rufe shagonsa, ya zo da mutanensa su wajen goma. Ya ce kada in sa rai za su bar gwaninsu, aro ne suka ba ni na kwana shida. Suka zauna a bencina suna aika saƙo, suna kunna waƙar da suka yi sati uku suna zagi. Wajen azahar rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke. Muka yi ta ɗaga wayoyi sama, wasu suka hau tudun bayan tasha. Bai dawo ba sai da kasuwa ta watse.

Sauran kwanakin na bi gida gida. Na je Tabla, na je lakwal wurin malaman boko, na roƙi wanda ban taɓa roƙo ba.

Ran Asabar muka taru a shagona. Aka karanto daga ta goma har ta ɗaya, tamu babu. Ta Maraɗi ce ta biyu, amma ba wanda ya yi tafi.

Ni na kira ƙanena, ban jira ya kira ba. Na gaya masa abin da na yi, ban rage komai ba. Sai ya ce, "Yaya, ashe dai an ji ta." Na ce ya dawo gida, in raba shagon biyu, rabi nasa. Ya ce ya gode, amma ba zai iya zama yana zuba waƙoƙin wasu a kati ba. Na ce ya ƙara wata ɗaya, in je Yamai da kaina in ga mai situdiyon. Ya ce ya riga ya sayar da keken ɗinkinsa.

Ran Alhamis motarsu ta tashi zuwa Agadas. Daga Tawa ya aiko mini saƙo cewa in gaya wa inna ɗinki ya samu a can.