Kwakwar Kombo

Taubashina Kombo gajere ne, kai kamar tulu, amma riƙonsa ya fi tekun Pemba zurfi. Ka taka shi yau, jikanka ne zai ji a jikinsa.

Kakanmu ne ya fara sauka a tsinin tsibirin nan, inda dutse ya miƙa hanci cikin teku, lokacin ba kowa sai ƙaguwa. Shi ya haƙa rijiyar ruwan daɗi, ita kaɗai ce har yau. Daga baya dangin Ussi suka iso a kwalekwale mai yoyo, aka ba su gefe. Suka hayayyafa kamar kiyashi, suka kewaye rijiyar da katanga, suka tura mu kan duwatsu, inda iska ke sauke wa mace tukunya daga murhu. Uwar Kombo ta tsufa tana roƙon guga ɗaya a rijiyar ubanta.

Kombo bai zagi kowa ba. Duk haihuwar da aka yi a gidajen dangin Ussi, sai ga shi da tsiron kwakwa. A binne cibiyar jariri a tsakar gida, shi ya dasa a kai da hannunsa. Tsoho Ussi har dariya yake: "Ga baranmu ya iso!" Ba wanda ya lura bai taɓa cewa "na ba ku" ba. A wurinmu kuwa bishiya ta wanda ya dasa ce, ko a tsakar gidan wa take.

Da kwakwa ta yi tsawo, Kombo ya ɗaura igiyar hawa a ƙafa. Banɗakunanmu ba rufi, don haka mai hawa dole ya yi kira, mata su watse. Shi kuwa safe hawa, rana hawa, yamma hawa. "Ina sama! A rufe jiki!" Wallahi akwai wadda ta yi wata guda da kumfa a ka.

Ussi ya fito da sanda. "Kai ɗan nema, sauko! Me kake tsinka? Ko ɗa ɗaya babu!"

"Gaishe ta nake, Baba. In ta dame ku, ku sare."

"Mu sare a kan cibiyar jikokinmu?"

"To ka gani. Kai, rijiyar kakana ta yi kyau daga nan!"

Matan gidan da kansu suka rushe katangar da taɓare. Muka ɗebi ruwa har akuya sai da aka yi wa wanka.

Na ce, "To gajere, ka huce?"

"Huce me? Waɗanda na dasa a gidajen bayan masallaci ma ba su isa hawa ba tukuna."

Ya tofa yawu a tafi, ya rungumi bishiya ta gaba.